Yadda za ka auna maganar "mota mai tuƙa kanta ta fi direba" kafin ka yarda ko ka ƙaryata

Ƴan uwa barkanmu da warhaka. Bidiyon motocin nan masu tuƙa kansu sun cika WhatsApp da TikTok da Facebook, za ka ga mota fara fes tana ratsa gari babu kowa a kujerar direba, sitiyari na juyawa shi ɗai, fasinja yana baya yana latsa waya abinshi. Daga nan sai gardama ta kaure a fada da tasha da gareji, wasu su ce shi ke nan sana'ar tuƙi ta mutu, wasu su ce ƙaryar turawa ce haɗa hoton aka yi. To motocin dai akwai su da gaske, mutane na shiga suna biyan kuɗi kullum, kuma a wuraren da suke aiki lissafin hatsarinsu ya fi na mutane kyau. Amma fa wurin da suke aikin, da lokacin, da irin direban da aka gwada su da shi, nan duk maganar take, kuma shi ne abin da bidiyon minti ɗaya ba zai taɓa gaya maka ba.

Abin ya dame ni ne don magana ce ta rai. Hukumar lafiya ta duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mutuwa in aka kwatanta da yawan jama'a, wajen mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Duk ɗan Maraɗi ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda hanyar Tasawa ko ta Gidan Rumji ko ta Ɗan Isa. Don haka in wani abu zai rage wannan ya kamata mu san gaskiyarshi, in kuma zai sa wani ya saki sitiyari ya halaka kanshi da iyalinshi nan ma ya kamata mu sani.

Fara da tambayar wace mota ce

Duk wanda ya turo maka bidiyo, abin farko ka tambaye shi wace mota ce, kuma wa ke da alhaki in ta buge mutum. Injiniyoyin mota sun kasa abin hawa-hawa daga 0 zuwa 5, ƙungiyar SAE ce ta fito da tsarin a 2014. Hawa na 1 da na 2 taimako ne kawai, motar tana iya riƙe gudu, ta bar tazara tsakaninta da ta gaba, ta riƙe layi, amma kai ne direba, idonka dole yana kan hanya kowane daƙiƙa. Autopilot, wato na'urar taimakon tuƙi ta motocin kamfanin Tesla, nan yake, har wanda suke kira FSD, wai cikakken tuƙin kai, ma da ake saida wa mutane nan yake, shi ya sa kamfanin da kanshi ya rubuta cewa sai da sa idon direba. Irin wannan mota kamar karen mota ne da aka ba sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, yana iya tafiya lafiya lau na tsawon lokaci amma maigida bai isa ya yi barci a gefenshi ba, don ranar da abu zai taso a hannun maigida zai ƙare.

Hawa na 3 shi ne motar ta yarda ka ɗauke ido a wasu wurare ƙalilan amma in ta kira ka dole ka karɓa nan take. Honda ta fitar da irinta a Japan a 2021 guda 100 kacal, Mercedes kuma ta samu izini a Jamus a ƙarshen 2021, a kan babbar hanya kawai kuma da farko gudun bai wuce kilomita 60 a awa ba. Hawa na 4 shi ne wanda kuke gani babu direba sam, irin tasin Waymo a Amurka da Apollo Go na kamfanin Baidu a birnin Wuhan na Sin, su kuma a cikin iyakar da aka shata musu kawai suke yawo, unguwannin da aka riga aka zana taswirarsu dalla-dalla. Hawa na 5, motar da za ka ce mata kai ni Dakoro ta kama hanya ko ina ne ko wane yanayi, wannan babu ta a kasuwa ko ɗaya, duk wanda ya ce maka yana da ita ko ya gan ta ana saidawa to kar ka ba shi ko dala.

Mi ya sa wannan tambaya ta zo farko? Don mutane na ɗaukar sakamakon Waymo su liƙa ma Tesla, ko su ɗauki hatsarin Tesla su ce ai ka ga motoci marasa direba na kashe mutane. Abu biyu ne daban. Waymo na amfani da kyamara da rada da wata na'ura lidar da ke harba haske tana auna nisan komi da ke kewaye, ita ce kake gani tana juyawa bisa rufin motar. Tesla kuwa tun 2021 ta fara cire rada ta dogara ga kyamara.

Sannan ka raba maganar lantarki da maganar tuƙa kai. Mota na iya zama mai batir ba ta tuƙa kanta, galibinsu ma haka suke. An fi haɗa su ne don kwamfutar da na'urorin suna shan wuta sosai, kuma motocin haya da ke komawa gareji ɗaya da dare cajinsu ya fi sauƙi, shi ya sa Waymo ta yi amfani da Jaguar I-Pace mai batir. Batir ba ya ƙara ma mota hankali. Abin da yake ƙara mata nauyi ne, I-Pace ta haura tan 2, ga fizga da zaran ka taɓa totur, ga rashin ƙara in tana tafiya a hankali, har sai da Turai ta wajabta a sa musu wani sauti na gargaɗi saboda masu tafiya a ƙasa. Ka tuna wannan in ka taɓa shiga da mai batir cikin cunkoson bakin babbar kasuwa, yara da makafi da tsofaffi da kunne suke gane mota na zuwa.

Yadda ake karanta lissafin

Nan ne zan ɗan daɗe don nan ake yaudarar mutane ta ɓangare biyu. In an ce maka motocin nan sun yi hatsari ɗari kaza, wannan shi kaɗai ba ya nufin komi, ka tambaya cikin tafiyar kilomita nawa. Direban da ke Maraɗi Yamai kullum, sama da kilomita 600 zuwa ɗaya, ba za ka haɗa yawan hatsarinshi da na alhajin da ke fito da mota ranar Juma'a kawai ba sai ka raba da nisan da kowa ya yi. Haka ake yi, hatsari nawa a kowane kilomita miliyan.

Bayan nisa sai hanya. Dole a gwada su da direbobin da ke bin hanyoyi iri ɗaya a gari ɗaya. Babbar hanya mai tsere da shinge hatsarinta a kowane kilomita bai kai na cikin gari ba, to in kamfani ya ɗauki kilomitan da motarshi ta yi a babbar hanya da rana tsaka cikin sabuwar mota, ya gwada da dukan direbobin ƙasa har da masu tsofaffin motoci cikin dare a ƙauye, dole lambarshi ta yi kyau. Wannan shi ne sukan da masana suka daɗe suna yi ma alƙaluman da Tesla ke fitarwa game da Autopilot.

Lissafin da ya fi ƙarfi a yanzu na Waymo ne. Aikin ya faro a cikin Google a 2009, ya zama kamfanin Waymo a 2016, a Oktoba 2020 ya buɗe tasi marar direba ga kowa a yankin Finiks na jihar Arizona, daga baya San Faransisko da Los Anjalis da Ostin da Atlanta, a Afrilu 2025 suka ce suna ɗaukar tafiya sama da 250,000 a sati da ake biya. A Disamba 2024 an fitar da binciken da suka yi da babban kamfanin inshora Swiss Re a kan tafiyar mil miliyan 25.3, wato wajen kilomita miliyan 40, aka duba sau nawa aka nemi diyya. Neman diyyar ɓarnar dukiya ya ragu da kashi 88 cikin 100, na rauni a jiki ya ragu da kashi 92 cikin 100 in aka gwada da direbobi mutane. Wani binciken na 2025 a kan mil miliyan 56.7 ya nuna hatsarin da ke jikkata mai tafiya a ƙasa ya ragu da kashi 92, na masu keke da masu babur da kashi 82, karo a mahaɗar hanya mai jawo rauni da kashi 96.

Wallahi waɗannan lambobi ba na wasa ba ne, kuma ni na yarda akwai gaskiya mai yawa cikinsu, musamman na inshorar, don kamfanin inshora kuɗinshi ne ke fita in lissafi ya karkace. Amma ka riƙe abu uku a ranka. Ma'aikatan Waymo na cikin waɗanda suka rubuta binciken, ko da yake wasu masana sun duba na biyun kafin a buga. Mafi yawan tafiyar cikin gari aka yi ta, a titunan da ke da layi da danja da allo, inda gudu ba shi da yawa. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa, "direba mutum" da ake gwadawa da shi matsakaicin kowa da kowa ne, an cakuɗa mashayi da mai gyangyaɗi da yaron da ya karɓi permi jiya da mai kallon waya, an haɗa su da dattijon direban da ya shekara talatin bai taɓa kwarzane mota ba. Fin matsakaicin direba daban, fin gwanin direba mai natsuwa daban.

Sai dai akwai abin da ke ja ta ɗaya gefen, adalci ya sa a faɗe shi. Tun Yuni 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta wajabta ma kamfanonin nan su riƙa kai rahoton hatsarin motocinsu, da farko har ƙananan gogayya suka riƙa shiga lissafi, mutane kuwa can ma kamar nan ne, an goge ka ka goge wani a fito a ba juna haƙuri a tafi ba wanda ya rubuta. Kuma da yawa cikin hatsarin da ake ƙirga ma motocin wani ne ya zo ya buge su ta baya suna tsaye. Don haka in ka ga jerin hatsari ka tambaya wa ya buge wa.

Maganar mutuwa kuwa a yi hattara da ita. A Amurka mutum ɗaya da ɗan ɗoriya ke mutuwa a kowane mil miliyan 100 da aka tuƙa. Cibiyar bincike ta RAND ta lissafa tun 2016 cewa sai motocin sun yi mil miliyan 275, wajen kilomita miliyan 440, babu mutuwa ko ɗaya kafin a iya cewa da tabbacin lissafi sun kai mutane a wannan fanni, kuma nuna sun fi mutane yana buƙatar ninkin haka nesa ba kusa ba. Waymo ta cika mil miliyan 100 babu direba a Yuli 2025. Wato a rauni da ɓarna hujja ta yi ƙarfi, a mutuwa kuwa ana kan tara ta ne. Duk wanda ya ce maka an gama tabbatarwa ya yi gaggawa.

Inda na'ura ke cin mutum da inda take faɗuwa

Inda ta fi mu a fili yake, ba ta gajiya, ba ta shan tiramol don ta kwana bisa hanya, ba ta amsa waya, ba ta fushi don wani ya sha gabanta, ba ta rige-rigen lodi, tana ganin gaba da baya da gefe lokaci guda kuma tana taka birki da sauri fiye da ƙafar kowa.

Inda take faɗuwa shi ya fi amfani ka sani. Masana a wata jami'a ta jihar Fulorida sun buga bincike a 2024, suka gwada hatsari 2,100 na motoci masu na'urar tuƙi da sama da 35,000 na mutane. A mafi yawan yanayi na'ura ta fi, amma lokacin fitowar rana da faɗuwarta yiwuwar hatsarinta ya ninka na mutum sau biyar da ɗoriya, wajen shan kwana kuma kusan ninki biyu. Yanzu ka tuna Maraɗi gab da magariba, balle cikin azumi, rana ta faɗo daidai ido, ƙura ta tashi, kowa na sauri ya isa gida, shanu na dawowa daga kiwo, ƴan kabu-kabu wasu ba su kunna fitila ba. Lokacin da ya fi wahala gare mu shi ne daidai lokacin da binciken ya ce na'urar ta fi rauni.

Manyan hatsarin da aka bincika ma darasi ɗaya suke bayarwa, na'urar na ruɗewa in ta ga abin da ba a koya mata ba. A Mayu 2016 a Fulorida wata Tesla na kan Autopilot, tirela mai farin jiki ta gitta hanya, sama ta yi haske, motar ba ta taka birki ba direban ma bai taka ba, ya rasu. Ranar 18 ga Maris 2018 a garin Tempe na Arizona motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare. Masu bincike sun gano na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma ta yi ta canza shawara, yanzu ta ce mota ce, yanzu ta ce keke, yanzu ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, don ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka inda ba a zana wurin tsallakawa ba, ma'aikaciyar da aka zaunar don ta sa ido kuma hankalinta na kan waya. Ku dubi wannan da kyau ƴan uwa, mace na tura keke da kaya tana tsallaka inda ta ga dama, ai wannan shi ne tsallaka titi a wurinmu safe da yamma. A Oktoba 2023 kuma a San Faransisko wani direba mutum ya buge wata mata ya wurga ta gaban motar kamfanin Cruise marar direba, motar ta tsaya, sannan ta ce bari ta gyara fakin a gefe ba ta san matar na ƙarƙashinta ba, ta ja ta wajen mita 6. Kowane direba da ya ji ihu zai tsaya cak ya fito. Jihar Kalifoniya, inda garin yake, ta dakatar da izinin Cruise cikin watan, a Disamba 2024 General Motors, kamfanin da ya mallaki Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar tasin gaba ɗaya.

Waymo ɗin ma ba ta tsira ba, a 2024 wata ta daki turken waya a Finiks, a 2025 aka gyara manhajar motoci sama da 1,200 saboda suna karo da sarƙa da ƙyauren shinge. A Disamba 2025 da wuta ta ɗauke a babban yanki na San Faransisko danjoji suka mutu, motocin da yawa suka tsaya cirko-cirko a mahaɗa suka tare hanya har kamfanin ya dakatar da aiki na ɗan lokaci. Kuma ka sani motocin nan ba su kaɗai suke ba, akwai ma'aikata a ofis da motar ke tambaya ta intanet in ta rasa yadda za ta yi. Can ɗauke wuta labari ne na jarida, nan kuwa kun san yadda lokacin zafi yake, ga rezo da ke zuwa yana tafiya.

Gwada maganar da hanyarka

Hanya mafi sauƙi ta gane ko sakamakon can zai yi aiki nan, ba sai ka san kwamfuta ba. Gobe in ka hau babur ko adaidaita ko motarka daga Zariya ko Ali Ɗan Sofo zuwa kasuwa, ka lura duk shawarar da direba ya yanke da mi ya dogara. In ya tsaya don danja ta nuna ja, ko ya bi farin layi, ko ya karanta allo, wannan na'ura ta iya har ta fi shi. In kuwa ya wuce ne don sun haɗa ido da mai amalanke ya ɗaga mishi kai, ko ɗan sanda ya yi mishi alama da hannu, ko ya rage gudu don ya ga akuya ɗaya ta tsallaka ya san ɗiyanta na biye, ko ya ga ƙwallo ya gangaro titi ya san yaro na bayanshi, ko ya bar hannunshi ya koma na wani don rami, ko ya san ranar Juma'a ce sahu ya fito har kan kwalta, wannan ilimin wuri ne. Za ka ga kashi na biyun ya rinjayi na farko nesa, kuma da zaran ka sauka daga kwalta ka shiga rairayin cikin unguwa babu layi babu allo sai sawun tayar wanda ya riga ka.

Ba ina cewa ba za a taɓa koya mata ba. Zafi da ƙura ma ba baƙonta ba ne, Finiks hamada ce, zafinta na wuce digiri 40 kuma guguwar ƙura na taso musu. Amma koyarwar sai an kawo motocin sun yi ta yawo nan an tara bayanai, an zana taswirar kowane lungu ana sabunta ta duk lokacin da damina ta cinye hanya, an samu wuta tsayayya ta caji da masu gyaran na'urorin da doka da ta faɗi wa zai biya diyya. Ɗan kabu-kabu da direban tasha su kwantar da hankalinsu ta wannan fanni, abin da ke barazana ga rayuwarsu yau gudu ne da lodi fiye da kima da rashin hular kwano da tuƙin dare babu barci.

In motarka na da na'urar taimako

Wannan shi ne ɓangaren da ya riga ya iso mu. Motocin hannu na shekarun baya-bayan nan da ake shigowa da su, da yawa suna da birki mai taka kanshi da gargaɗin fita layi da mai riƙe tazara, Toyota ma tun 2015 ta fara sa nata mai suna Toyota Safety Sense. Abin na da amfani na gaske, cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano birki mai taka kanshi na rage dukan mota ta baya da kusan rabi. Amma ita dai cibiyar ta gano a 2022 cewa wanda ke gane mai tafiya a ƙasa bai nuna wani bambanci ba cikin duhu inda babu fitilun titi. Wato daga ka fita gari da dare ka ɗauka babu shi.

Ka fara sanin inda idanun motar suke. Kyamara galibi tana bayan gilashin gaba daga sama kusa da madubi, rada kuma bayan tambarin kamfani a hancin mota ko cikin bamba. Lokacin hunturu da hazo ka goge wuraren nan kowace safiya da tsumma mai laushi, da damina ka wanke laka. Kar ka liƙa sitika ko ka rataya wani abu gaban kyamarar, kar ka bari maƙeri ya walda maka ƙarfen kariya daidai gaban radar, mutane na yin haka don tsoron dabbobi su toshe abin da zai taimake su. In gilashin gaba ya fashe aka canza, ko aka buge bamba aka gyara, na'urar na buƙatar a sake saita ta da kwamfuta, in ta karkace ko kaɗan za ta riƙa auna abu ba daidai ba, ta taka birki babu dalili ko ta ƙi takawa. Ka tambayi makaniken ko yana da kayan saitin, in ba shi da su ka tuƙa motar a matsayin wadda ba ta da na'urar har ka samu mai yi. Kuma wajen saye ka tada motar ka duba ko akwai fitilar gargaɗi da ta ƙi mutuwa a dashbod, don motar hannu da yawa sun taɓa hatsari ta gaba kafin a ɗoro su jirgi.

Mai riƙe layi fenti yake bi, inda fenti ya goge ko rairayi ya rufe gefen kwalta ba abin da yake gani, wani lokaci ma facin kwalta yake ɗauka layi ya ja ka gefe, galibi kuma sai gudu ya kai wajen kilomita 50 yake fara aiki. In za ka gwada mai riƙe tazara ka yi da rana a hanyar da ba cunkoso, hannu biyu a sitiyari ƙafa a saitin birki, ka zaɓi tazara mafi nisa. Littafin motocin da kanshi yana gargaɗin cewa in kana gudu ba lalle ya tsaya ma abin da ke tsaye cak ba, kuma mu abin da ke kashe mu kenan, babbar mota ta lalace an bar ta kan hanya babu fitila sai ganye da aka jera, ko amalanken shanu cikin dare. Ka kashe mai riƙe tazarar in ka shigo gari ko ƙauye ranar kasuwa, in ruwa na zuba da ƙarfi, in hazo ya rufe, da lokacin da rana ke cikin idonka. Don Allah kar ka gwada birkin da mutum, kar ka ce ma yaronka tsaya gaba mu gani ko za ta tsaya, kar kuma ka kwaikwayi masu ɗaura abu a sitiyari don motar ta zaci hannu ne, a Disamba 2023 sai da Tesla ta gyara manhajar motoci wajen miliyan 2 a Amurka don hukuma ta ga matakan tabbatar da direba na kula ba su isa ba.

In kuma kana da direba da ke kai yara lakwal ko ya kai Hajiya unguwa, ka zauna da shi ka nuna mishi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, wanne ke kunnawa wanne ke kashewa, ƙarar nan mi take nufi, don da yawa in motar ta fara ƙara ko sitiyari ya motsa da kanshi tsorata suke su fizge. Ka gaya mishi taka birki na kashe mai riƙe gudu nan take, kuma in an yi hatsari jandarma shi za su tambaya permi da takardu.